JIMINA MAI RAUNI A GONA: ABIN DA MANOMI ZAI YI

Jawabin Malamin Gona ga manoman Kongolam da kewaye, Ƙaramar Hukumar Mai'adua, ƙasar Daura

  

Yau maganarmu a kan jimina ce, da sauran manyan tsuntsaye waɗanda ake kiwo a sake. Wani zai ce, ina ruwan mai gero da wake da jimina? To, ruwanka ne, gama masu hali da dama suna ajiye ta a gidajensu da gidajen gonarsu, kuma ba kullum shinge yake riƙe ta ba. Ran da ta ɓalle, ba gonar mai ita za ta faɗa ba, taka ce. Sau da yawa kuwa ba ta isowa lafiya. Ko waya ta yanke ta, ko karnuka sun yayyage ta, ko yara sun jejjefe ta, ko mota ta buge ta a kan titin Daura.

Abu huɗu ne ke cikin haɗari a wannan rana: ran mutum, ran tsuntsun, kajinka na gida, da zaman lafiya tsakaninka da maƙwabcinka. Maganar da nake so ku tafi da ita gida ita ce: KADA A KORE TA DA GUDU. Kora ta fi rauni kashe jimina.

SANIN TSUNTSUN

Jimina ita ce mafi girma cikin tsuntsayen duniya. Babban namiji yakan kai ƙafa 8 ko 9 a tsaye, nauyinsa kuma ya fi kilo 100, watau ya fi buhun gero. Ba ta tashi sama, amma a guje takan yi kilomita 70 a awa guda, kamar babur a kan kwalta. Yatsunta biyu ne a kowace ƙafa, babban yana da ƙumba mai kauri. Gaba take shuri, ba baya ba kamar jaki. Shurin nan yana iya farke cikin mutum ko ya karya masa ƙashi. Namiji baƙi ne mai farin gashi a fiffike da wutsiya, mace kuwa ruwan ƙasa-ƙasa ce. Idan kun ga wuyan namiji da ƙwaurinsa sun yi jawur, to, yana cikin lokacin barbara, kuma a lokacin ne ya fi faɗa.

Jimina ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu sun yi cinikin gashinta, fatake suna ɗaukarsa daga Kano su bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus. A shekarar 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko mutanenta har ƙasar Kano neman irin jiminar wannan yanki saboda kyan gashinta, suka koma a 1912 da fiye da guda 100. Kasuwar gashin ta faɗi a 1914. Har yau kuna ganin gashin jimina a takalman sarakuna da mafitansu.

Amma ta daji ta ƙare a wajenmu. Ko a Azbin, can arewacin Nijar, farauta ta gama da ita tun farkon shekarun 2000, shi ya sa aka kafa wurin kiwonta a Kelle, kusa da Gure, don kada irin ya ɓace. Ma'anar wannan a gare ku ita ce, duk jiminar da kuka gani a gona a ƙasar Daura tana da mai ita. Ba naman daji ba ce, dukiyar wani ce, kuma kuɗin babba ya fi na babban ragon layya.

Akwai wata 'yar'uwarta da ake kira emu, asalinta ƙasar Ostireliya. Ba ta kai jimina ba: tsayinta bai cika wuce ƙafa 6 ba, nauyinta kilo 30 zuwa 45, yatsunta uku, ƙwanta kuma kore ne mai duhu. Manoman can sun sha fama da ita a gonakin alkama. A 1932 har soja aka tura da bindiga mai sarrafa kanta su kori garken da ya kai wajen 20,000, tsuntsayen suka warwatsu, aikin ya gagara. To, abin da soja suka kasa da bindiga, yaran unguwa ba za su yi shi da sanda ba.

DALILIN DA YA SA BA A KORA

Idan aka bi jimina da gudu, da ihu, da karnuka, ko da babur, tsoro da zafin rana sukan haɗu su lalata mata naman cinya daga ciki. Gubar da ke fita daga naman da ya lalace takan bi jini ta taɓa ƙoda da zuciya. Za ku ga an kama ta, an ɗaure, kowa yana murna. Bayan awa kaɗan, ko bayan kwana biyu ko uku, sai ta kwanta ta kasa tashi, daga nan sai mutuwa. Mutane su ce raunin ne ya kashe ta, alhali kuwa gudun ne. Wannan ya fi faruwa da bazara, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40.

Ban da haka, tsuntsun da ya firgita ba ya ganin gabansa. Zai afka wa waya, ko rami, ko kututture. Ƙaramin yanka sai ya zama babba, targaɗe ya zama karaya. Gonar ma da kake son karewa, taron masu kora sun fi jiminar tattake ta. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

MATAKI NA FARKO: A TSAYA, A DUBA DAGA NESA

1. A janye yara da mata masu aiki a gonar. A ɗaure karnuka. A kashe babura.
2. A tsaya nesa, kamar taki 30, a yi shiru.
3. A aika wa mai unguwa nan take. A kira malamin dabbobi a waya.
4. Mai waya ya ɗauki hoton tsuntsun, da raunin, da ɓarnar da ya yi wa shuka, tun ba a taɓa shi ba.

Daga inda kuke tsaye, ku lura da abubuwan nan, domin su malamin dabbobi zai fara tambaya:

- Tana tsaye a kan ƙafa biyu? Tana taka duka biyun, ko ta ɗage ɗaya?
- Fiffike ɗaya ya saki yana jan ƙasa?
- Daga ina jini ke fita? Ɗiga yake yi ko tsartuwa?
- Wuyanta a miƙe yake, ko ya lanƙwashe, ko yana karkarwa?
- Akwai majina, ko kumburin ido, ko zawo kore?

Idan kun ga wuya ya murɗe, ko tana tangaɗi, ko majina da zawo, ba tare da wani rauni a fili ba, to, wannan ciwo ne, ba rauni ba. Kada kowa ya taɓa ta. Zan dawo kan wannan a gaba.

Idan namiji ya taso maka, kada ka juya ka ruga a fili, ba za ka tsere masa ba. Ka shiga bayan itace ko bukka. Idan da doguwar sanda ko reshen ƙaya a hannunka, ka ɗaga shi daidai wuyansa. Idan babu komai, ka kwanta rub da ciki ka rufe kanka da hannuwa. Gara ya taka ka da ya shure ka.

MATAKI NA BIYU: SHIGAR DA ITA WURI GUDA

A nemi wurin da za a tsare ta: garka, ko kangon da ba kowa, ko turken shanu mai katanga. Shingen ya kai ƙafa 6, kuma ya zama ba a hango waje ta cikinsa. Zana da asabari da buhuna sun fi waya. Ƙasan ya zama rairayi, ba siminti mai santsi ba, gama in ƙafafunta suka zame suka tale, magana ta ƙare. A share wurin sarai: ƙusa, guntun waya, leda, batir, kwalba, duk a kwashe. Jimina tana haɗiye abin da ta gani, balle in tana cikin damuwa a baƙon wuri, kuma abin da ta haɗiye yakan toshe mata ciki ko ya huda shi.

A jira rana ta yi sanyi. Da magariba ko da asuba ta fi natsuwa. Maza huɗu ko biyar sun isa. Kowa ya riƙe zana ko tabarma a gabansa, a yi layi a bayanta, a taka sannu a hankali, a bar mata hanya guda ɗaya, watau ƙofar wurin. A zuba dawa ko ɗanyen ganye a kan hanyar. Idan ta tsaya, ku tsaya. Idan ta juyo, ku ja baya kaɗan. Jiminar gida ta saba da kwanon abincinta, sau da yawa mai ba ta abinci in ya zo ya kaɗa kwano sai ta bi shi. Don haka in an san mai ita, a jira shi.

Kada a jefa mata igiya a wuya ko a ƙafa kamar yadda ake kama sa. Wuyanta siriri ne, ƙafarta kuma in ta karye ba ta ɗoruwa.

MATAKI NA UKU: RUFE IDO DA RIƘEWA

Asirin jimina yana idonta. Da zarar ta daina gani sai ta lafa. A sami tsohuwar safa mai kauri, a yanke bakinta, ko hannun tsohuwar rigar sanyi. Mutum ɗaya ya zura hannunsa a ciki, ya matso ta gefe, ba ta gaba ba, ya kama bakinta ko wuyan daf da kai, ya zame safar ta rufe idanu da kunnuwa. A bar baki da hanci a waje don numfashi. Idan ba ta yarda a matso ba, a yi amfani da doguwar sanda mai lanƙwasa a kai, a saƙalo wuyan a hankali, a sauko da kan. Muddin kanta yana ƙasa da gadon bayanta, shuri yana yi mata wuya. Kada a fizgi wuyan, kada a murɗe shi.

Bayan an rufe ido, mutum biyu su tsaya gefe da gefe, kowa ya riƙe gindin fiffike, na uku ya tsaya a baya wajen wutsiya yana turawa. Kada kowa ya tsaya a gabanta ko da idonta a rufe yake. Da an gama aiki a cire safar, kada a bar ta da ita cikin zafi.

Idan a kwance take ba ta iya tashi, a shimfiɗa tamfol ko buhuna biyu da aka ɗinke, a zaunar da ita a kai, ƙafafu a naɗe a ƙarƙashinta, maza shida su ɗauka. Mutum guda ya tallafi wuyan a sama. Kada a ja ta a ƙasa, kada a ɗauke ta ta ƙafa ko ta fiffike.

Ga wanda ya gamu da emu: ita ba ta cika son rufin ido ba, yakan ƙara firgita ta. A shigar da ita ɗaki mai duhu, mutum ya zo ta bayanta ya rungume ta a ƙirjinsa. Kumburin da ke gindin wuyanta kuwa jakar iska ce da take kuka da ita, ba ƙurji ba ne, kada a tsaga.

MATAKI NA HUƊU: AGAJIN FARKO

A wanke hannu da sabulu. Wanda ba shi da safar hannu ya sa leda mai tsabta.

Jini. A ninka tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi minti 5 zuwa 10, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a ɗaure ƙafa da roba a bar ta, ƙafar za ta mutu.

Wanki. A tafasa ruwa lita 1, watau daidai ruwan leda biyu, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi 2, a bari ya huce. A kwarara a kan raunin har ƙasa da ƙaya su fita. A aske ko a yanke gashin da ke bakin raunin da almakashi.

Magani. A shafa aidin wanda aka surka da ruwa, ko maganin shuɗin nan da ake kira jibi. A maimaita safe da yamma.

Ƙuda. Da damina ƙuda kan yi ƙwai a rauni, kwana ɗaya ko biyu sai tsutsa. A duba kullum, musamman ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya inda gashi ke ɓoye ciwo. In an ga tsutsa a cire ta ɗaya ɗaya, a wanke, a nemi maganin ƙuda na rauni wajen malamin dabbobi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Cizon kare. Ramin haƙori ƙarami ne a waje, amma a ciki naman ya dagargaje. Irin wannan lalle sai an yi allura, kuma malamin dabbobi ne zai yi ta.

Yankan wuya. Waya mai ƙaya takan tsaga fatar wuya tsawon taƙi ko fiye. Abin yana da ban tsoro, amma in an ɗinke shi a ranar yakan warke sarai. A rufe da tsumma mai laima, a kira likita. In kun ga ruwa ko abinci yana fitowa ta raunin, maƙoshi ya huje, kada a ba ta komai sai likita ya zo.

Karayar fiffike. Wannan ba ta kashe jimina, tun da ba tashi take yi ba. A naɗe fiffiken yadda yake zama in tana hutawa, a ɗaure shi da ƙyalle mai faɗi, mako 3 zuwa 4. Kada a matse ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi, in an matse sai ya shaƙe.

ABIN DA BA A SA WA

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a sa baƙin mai, ko fetur, ko kananzir, ko ruwan batir, ko kashin shanu, ko toka a kan rauni. Wasu suna ƙona naman da zai warke, wasu suna shigar da ƙwayar cuta.

Kada a fesa mata maganin ƙwarin gona don kashe tsutsa ko kaska. Gamalin musamman guba ne mai ƙarfi ga jimina.

Kada a fasa kafso na mutane ko tiramol a ɗura mata. Kada a ɗaga bakinta a kwarara ruwa, gama ƙofar numfashinta tana bayan harshe, ruwan zai wuce huhu. A ajiye ruwa a bokiti ta sha da kanta.

Kada a ba ta abincin kajin kamfani sai an nuna wa malamin dabbobi takardar buhun. Wasu ana haɗa su da maganin zawon jini na kaji wanda yake cutar da jimina.

MAGANAR ƘAFA: JINYA KO YANKA

Jama'a, a nan ne hukunci yake. Sa yana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta karye ya dogara da uku. Jimina biyu gare ta, a kansu take ɗauke da kilo 100. Idan ƙashin cinya ko na ƙwauri ya karye wa babbar jimina, da wuya ƙwarai ta sake tashi, ko a hannun likita. Ba ta yarda ta kwanta shiru, za ta yi ta shure-shure har ƙashin ya huda fata. Mai ɗori na gari, duk iyawarsa a kan akuya da mutum, wannan ya fi ƙarfinsa.

Alamar karaya: ƙafa tana lilo, ko ta juya inda ba ta saba ba, ko ana jin ƙashi yana gogar ƙashi, ko ƙashi ya fito. In haka ne, tausayi da hankali duka sun ce a yanka tun tana da rai da ƙiba. Namanta halal ne, ja ne kamar na sa, fatarta da gashinta kuma kuɗi ne. In an tsaya jinya mako guda, za ta rame, ta sha wuya, a ƙarshe ta zama mushe, kowa ya yi hasara.

Amma a lura da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, mai ita ne zai ba da izini. In ba a same shi ba, kuma ana tsoron ta mutu, sai da sanin mai unguwa ko dagaci da shaidu. Na biyu, malamin dabbobi ya duba ya tabbatar rauni ne ba ciwo ba. Na uku, in an riga an yi mata allura, ba a cin naman sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Saboda haka a yanke shawara kafin a yi allura, ba bayanta ba. Wajen yanka a rufe mata ido, a zaunar da ita, maza su danne ta ta baya da gefe, wuƙa ta zama mai kaifi.

Idan kuwa tana taka ƙafar, ko da tana ɗingishi, ko ƙumba ce ta fita, ko yatsa ya yanke, to, akwai fata. A yi jinya.

JINYA

A sa ta a inuwa, wuri shiru, nesa da kaji da agwagi. Mutum ɗaya ya riƙa kula da ita, ba taron 'yan kallo ba. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Babba takan ci kamar kilo 2 na busasshen abinci a yini: dusa, dawa ko masara, da harawar wake ko ta gyaɗa wadda aka daddatsa ƙanana. A ƙara da ɗanyen ganye kamar zogale, shi ma a yayyanka. Dogon kara da doguwar ciyawa sukan dunƙule a cikinta. A ajiye mata 'yar tsakuwa mai tsabta, da ita take niƙa abinci a ƙundu.

A riƙa duba kashinta. In ta kwana biyu ba ta ci ba, ko kashin ya ƙanƙance ya bushe, ko ta kwanta ta ƙi tashi, ko raunin ya fara wari, a koma wa malamin dabbobi. In abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa, shi zai nemi shawarar manyan likitoci a Katsina ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

CIWON DA KE BIN BAƘON TSUNTSU

Jimina tana kamuwa da murar tsuntsaye, da kuma annobar kajin nan ta hunturu wadda likitoci ke kira Niyukasil. Manyanmu za su tuna watan Fabrairu na 2006, sa'ad da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya, nan maƙwabtanmu a Nijar. Ciwo bai san kan iyaka ba, kuma wannan yana kama mutum.

Don haka baƙon tsuntsu ya zauna shi kaɗai aƙalla mako 2. Kwanonsa dabam. Mai kula da shi ya wanke hannu da takalmi kafin ya shiga wajen kaji. In ya mutu ba a san dalili ba, kada a feɗe, kada a ci, kada a jefar wa karnuka. A sanar da ofishin dabbobi, su ne za su ɗebi abin gwaji su aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. A binne gawar a rami mai zurfi.

Sai kaska. Kaska mai zane a ƙafa, irin ta shanu da raƙuma, tana hawa jimina, kuma tana ɗauke da wani zazzaɓi mai sa zubar jini. Tsuntsun ba ya nuna alama, amma mutum yakan kamu. A 1996 ma'aikata 17 suka kamu da shi a wata mayankar jiminu a Afirka ta Kudu. Kada a murtsuke kaska da farce. A cire ta da hantsaki, a jefa a wuta.

HAKKIN MAI ITA DA HAKKIN MAI GONA

Tsintuwa sai da cigiya. Mai unguwa ya sa a yi shela a masallaci da kasuwa. Mai gona, in ta yi maka ɓarna, ka kira dattawa biyu su ga wurin su ƙiyasta tun sawun bai ɓace ba. Ka rubuta abin da ka kashe na abinci da magani. Wannan hakkinka ne, za a biya ka a gaban mai unguwa. Amma in ka sare ta da adda don haushi, kai da ke bin bashi ka koma wanda ake bi.

Kada wani ya ruɗe ka ka kai ta kasuwar Mai'adua, ko ka tsallaka da ita Ɗan Barto. Ban da cewa kayan wani ne, jiminar Nijeriya da ta Nijar suna cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun dajin da ke neman ƙarewa, Nijeriya kuma tana da dokarta a kan haka tun 1985. Fita da ita, ko ƙwanta, ko fatarta ba tare da takarda ba laifi ne. Mu da muke zaune a bakin iyaka ya kamata mu fi kowa sanin wannan.

GA MASU KIWO

Rigakafi ya fi magani. Shinge ya kai ƙafa 6. A guji waya mai ƙaya, a sa waya mai santsi ko katanga, a rataya tsummoki ko kara a jiki don tsuntsun ya gan ta in yana gudu. A sa wa kowace alama a ƙafa ko a wuya. A saba mata da kwano guda da kira guda. A tsare ta sosai daga shuka har a kai amfani gida. Kada a bar kare ya kwana kusa da ita, gama firgitar dare ce ke sa ta afka wa shinge.

TALO-TALO, ZABI DA AGWAGI

Yawancinmu ba mu da jimina, amma muna da waɗannan, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Kada a kora. A bari dare ya yi su hau makwancinsu, a kama a hankali, a rufe kai da ƙyalle. A riƙe fukafukai a jikin tsuntsun. Zabuwa ba a kama ta ta ƙafa ɗaya, nan da nan take gocewa. Wanki da magani duk ɗaya ne. Bambancin shi ne, su ba su da nauyi, karayar ƙwauri takan ɗoru. A daidaita ƙashin, a naɗa auduga, a sa tsagin kara biyu, a ɗaure ba da matsi ba, a sa tsuntsun a akurki ko kwando mako 3.

A TUNA

1. Kada a kora. A janye yara da karnuka.
2. A sanar da mai unguwa da malamin dabbobi.
3. A shigar da ita wuri da sanyin rana, da zana, sannu a hankali.
4. A rufe ido. A tsaya a gefe ko a baya, ba a gaba ba.
5. Ruwan gishiri da aidin. Ban da baƙin mai da maganin ƙwari.
6. In tana taka ƙafa, a yi jinya. In ƙafa ta karye, a yanka da izini.
7. A raba ta da kajin gida mako 2.
8. Kada a sayar, kada a tsallaka iyaka da ita.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.